Ranar da ƙafata ta daina ciwo murna nai, ashe ranar ya kamata in tafi asibiti

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin, sai in fara in goge, saboda maganar ƙafa ce kuma akwai wari a ciki akwai kunya. Amma satin da ya wuce na ga wani ɗan uwana ɗan sahu a tasha ya miƙa ƙafa mai yankan farce yana kankare masa tafi da reza, yana ta dariya yana cewa shi ko ji ba ya yi, wallahi sai da gabana ya faɗi, dan kalmar da na ringa faɗa kenan da bakina.

Ni ɗan Gwammaja ne, a nan aka haife ni a 1979. Mu lokacin muna yara takalmi na sallah ne da ranar zuwa unguwa, sauran ranaku ƙafa Allah ya ba ka. Da ita muke zuwa makarantar allo, da ita muke buga ƙwallo, da ita muke hawa Dutsen Dala mu sauko. In hunturu ya shigo kuwa diddigenmu ya dinga tsagewa kenan, faso har ka saka tsinken ashana ya tsaya. Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, sai ta jiƙa mana ƙafa a ruwan ɗumi ta dirje da dutsen goge kaushi, ta narka man kaɗe ta ɗiga a cikin tsagar, kana ihu tana cewa yi min shiru ai kai ka ƙi saka takalmi. Akwai wani maƙocinmu dattijo da shi allura da zare yake sawa ya ɗinke fasonsa kamar mai ɗinkin ƙwarya, mu kuma muna tsaye muna kallo yana burge mu. Abin da na tashi da shi a kaina kenan, cewa tafin ƙafa ba wajen da ake kai wa likita bane, namiji ƙafarsa tauri take yi, kuma duk abin da ya fito a wajen to reza da dutse sun ishe shi.

Na fara acaɓa a 2004, ina kai har watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a Kano. Na ɗan sha wahala kafin wani bawan Allah ya ba ni Adaidaita Sahu ina kawo masa balas kullum. Layina Kurna zuwa Bata, wani lokacin in zarce 'Yankura in akwai lodi. Wanda bai taɓa tuƙa ɗan sahu ba ba zai gane ba, ƙafar dama ita ce a kan birki tun asuba har bayan isha, kuma a cunkoson titin Katsina sai ka taka birki sau ɗari kafin ka ƙarasa Ƙofar Ruwa. Silifas ne a ƙafata, irin na roba mai arha ɗin nan. Abincina kuwa shayi mai kauri da burodi da safe, siga cokali huɗu, da rana lemon kwalba mai sanyi biyu ko uku saboda zafi, da dare tuwo malmala uku in kwanta. Na yi ƙiba na yi tumbi, mutane suna cewa sahu ta karɓe ni.

Abin ya faro ne da damunar 2018. Tsakanin yatsuna ya yi fari ya jiƙe yana ƙaiƙayi, cin ruwa dai da kowa ya sani. Sai kuma tafin ƙafar gaba ɗaya ya fara yin wani fari-fari kamar an barbaɗa gari, yana saɓa, har gefe-gefe. Na je kemis ɗin unguwa na ɗaga ƙafa daga nesa, yaron shagon ko matsowa bai yi ba ya miƙo min irin man nan mai haɗi uku da ake cewa yana maganin komai. Gaskiya ranar farko na ji daɗi, ƙaiƙayi ya ɗauke cak. Amma da na daina shafawa sati ɗaya sai ya dawo har ya fi da. Sai in sake siya. Haka na yi ta yi wajen shekara huɗu, ban san adadin kwalin da na ƙarar ba, uwargida har tsokanata take tana cewa da kuɗin man nan ka tara da ka yi mana firji.

Lokacin kullen korona, watan Afrilun 2020 da aka rufe Kano muka zauna a gida, a nan na lura da wasu abubuwa. Ƙishirwa kamar na ci gishiri, fitsari sau biyar sau shida cikin dare, kuma uwargida ta ce tana ganin kiyashi na taruwa a bayi in na fito. Na ce mata zafi ne kawai. Sannan da daddare ƙafafuna su dinga zafi kamar an shafa barkono, wani lokacin kamar ana tsira min allura, sai na fito da su daga bargo na ɗora a kan siminti. Na sha maganin sanyi, na sha na basir, na sha na shawara, duk wanda mai lasifika ya zo wucewa da shi a mota na siya. Wajen shekara ɗaya da rabi ina wannan fama, sai a hankali zafin ya ragu, ya ragu, ya tafi. Wallahi har sadaka na bayar. Na ce wa uwargida maganin mutumin nan na ƙarshe ya yi aiki. Abin da ya rage kawai shi ne in ina tafiya sai in ji kamar a kan katifa nake takawa, kuma silifas yakan fice daga ƙafata in yi taku biyu uku ban sani ba. Yara suna dariya ni ma ina dariya.

A daidai wannan lokacin wata kanta ta fito min a tafin ƙafar dama, ƙasan babban yatsa, daidai inda nake danna birki. Tauri kamar ƙaho. Duk ranar Juma'a da safe sai in zauna wajen mai yankan farce ya sassaƙe min ita. Wata rana ya zarce har jini ya fito, ya ce sannu Malam yi haƙuri, na ce wallahi ko ji ban yi ba ci gaba da aikinka. Har alfahari nake da abin. Daga baya wani fasinja ya ce in siyo filastar kanta a kemis, wadda ake mannawa ta cinye ta. Na siyo na manna, kwana uku na ɓare, wajen ya yi fari ya yi laushi ya ɗan zurma, na ce to ta mutu.

Azumin 2022 a Afrilu ya faɗo, kowa ya san zafin Kano a wannan watan. Wata Juma'a na makara, sahu ya fito har kan kwalta, ban zo da darduma ba, na cire takalmi na tsaya a gefen tabarmar wani, rabin ƙafata a kan kwalta. Na ga mutanen gefena suna ta ɗaga ƙafa suna taka takalmansu, ni kuwa ko a jikina, har a raina ina cewa yaran yanzu ba su da juriya. Da daddare bayan tarawi ƙaramar 'yata tana wasa a ƙasa ta ce, Abba mene ne wannan a ƙafarka kamar balan-balan? Na juyo da ƙafar da ƙyar saboda tumbi, sai ga bororo ya tashi fal ruwa, ya haɗe da wajen kantar nan. Na sa allura na fasa, na ɗaure da tsumma, da asuba na fita aiki.

Daga nan ne rami ya buɗe. Ɗan ƙarami ne, bai fi bakin murfin biro ba, zagaye da fata mai tauri fara, kuma ba ya ciwo ko kaɗan. To abin da ba ya ciwo wa zai bar neman abinci saboda shi? Hausawa sun ce jiki magayi, ni nawa ya daina gaya min komai. Na ɓare kafso ja da yalo na zazzaga garin a ciki. Wani bakanike ya ɗiga min man birki ya ce haka suke yi. Na gasa da ruwan zafi da kanwa, kuma yanzu da nake tunani ban ma san iya zafin ruwan ba tunda ba ji nake ba, uwargida ce wata rana ta tsoma hannu ta fizge ta ce Malam wannan ai ruwan fige kaza ne. Ciwon ya yi kamar zai rufe, in koma kan birki, ya sake buɗewa.

Da aka shiga wata na huɗu na biyar sai magana ta canja a dangi. Yayata ta zo ta duba ta ce wannan ba ciwon asibiti bane, taka wani abu ka yi, an binne maka ne a hanya. Aka fara lissafin waɗanda nake da 'yar tsama da su a tasha. Ina jin kunyar faɗa amma akwai mutumin da na daina gaisawa da shi wata da watanni saboda wannan zargin, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, daga baya sai da na je har gida na nemi yafiyarsa. Aka kai ni wajen wani mai magani a bayan gari, ya ba ni turare da wani baƙin gari na cusawa, ya ce kar in kuskura a yi min allura, in ƙarfe ya taɓa ciwon daji ne zai tashi. Wannan maganar ta zauna min sosai, saboda ƙanin mahaifinmu haka ya rasu, an yanke masa ƙafa bai yi wata biyu ba ya cika, kuma a gidanmu abin da ake faɗa shi ne asibiti ne suka kashe shi. Ba wanda ya taɓa cewa siga ce ta kai shi, sai daga baya na haɗa lissafin da kaina.

Mutum ɗaya ne ya gaya min gaskiya, wani dattijo da muke sallah tare. Ya ce ɗana, ciwon da ba ya zafi a tafin ƙafa ba abin wasa bane, ka tafi asibitin Bela su duba ka. Ai kuwa na ji haushinsa. Kowa a Kano ya san Bela da kutare ake saninta, wato ni yake kira kuturu? Ina da 'ya'ya mata da za su yi aure, a ce an ga babansu a layin Bela? Na ƙi zuwa. Na koma saka safa da takalmi rufaffe dan kar a gani, ina fesa turare a ƙafar wando. A masallaci na koma ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Fasinja ta taɓa toshe hanci da mayafi ta ce wa ƙawarta kamar ɓera ya mutu a keken nan, na yi kamar ban ji ba, amma da na sauke su sai da na faka a gefen titi na kifa kaina a kan kan keken na daɗe.

Watan Fabrairun 2023 abin ya ƙare min. Zazzaɓi mai kaɗa haƙori, ƙafa ta kumbura har ƙwauri tana sheƙi, kaluluwa ta fito a matsematsi. Uwargida ba ta nemi shawarata ba, ta kira ƙanina ta ce ko ya yarda ko bai yarda ba ku ɗauke shi. Kuma kun tuna lokacin, canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, mai POS na karɓar na goro mai tsoka kafin ya ba ka dubu biyar, taransfa ta maƙale tun safe har dare. Ƙanina sai da ya bar wayarsa jingina a wani kantin magani kafin a ba shi allurai na ranar farko.

A babban asibitin gwamnati da aka kai ni, kafin ma a kwance ƙafar wata sista ta huda min yatsa ta ɗiga jinin a 'yar na'ura. Ta kalli na'urar ta kalle ni ta ce, Baba tun yaushe kake da siga? Na ce ni ba ni da siga. Ta juyo min da ita, 412. Ta ce mai lafiya in bai ci komai ba da safe ƙasa da 100 ake so, in ya kai 126 aka maimaita aka sake samu to ciwon siga ne. Daga baya aka yi wani gwajin da ke nuna yadda sigar mutum take a wata uku da suka wuce, wanda daga 6.5 ake cewa akwai ciwon, nawa ya haura 12.

Likitan da ya zo yaro ne, ban jin ya kai ƙanina, amma abin da yai min ba wanda ya taɓa yi min shi a shekara biyar ɗin nan: ya jawo kujera ya zauna ya ɗora ƙafar a gabansa ya kalle ta da kyau, duka biyun, har tsakanin yatsu. Ya taɓa bayan ƙafar da bayan idon sawu yana neman bugun jini, ya ce Alhamdulillah jini na zuwa, wannan shi ne sa'arka. Sannan ya ciro wani siririn zare kamar na kamun kifi, ya ce in rufe ido, duk inda na ji ya taɓa in ce eh. Na rufe ido ina jira ya fara. Shiru. Can na ce likita ka fara mana. Sai na ji uwargida ta fashe da kuka, ashe ya taɓa wajen goma ya gama. Ya ce zaren nan nauyin giram 10 yake dannawa, wanda bai ji shi ba to ƙafarsa ba za ta iya kare kanta ba. Ya ce Malam, zafin da ka ce ya tafi ba warkewa ka yi ba, jijiyoyin da ke kai saƙo ne siga ta cinye, lokacin da suke ihu shi ne barkonon da kake ji, da suka mutu sai suka yi shiru.

Ya duba bayana da hannuwana ko akwai wani tabo mai haske da ba ya jin taɓi, ya lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta gefen gwiwa. Na gane me yake nema, na ce likita kuturta ce ko? Ya ce a'a ba ita bace, amma dole ya duba domin ita ma tana kashe ji a ƙafa ta kawo irin wannan ramin sak. Ya ƙara da cewa ko da ita ce ma ai tana da magani, kyauta ake bayarwa, wata 6 ko 12 mutum ya warke. Na tuna dattijon nan na masallaci, kunya ta kama ni. Da na bi maganarsa da tun wata shida baya an huda min yatsa an gano.

Ya zura wani siririn ƙarfe a ramin yana neman ko zai taɓo ƙashi, aka kuma yi hoto. Ramin da nake gani kamar murfin biro ashe a ciki ya yi ɗaki, ya tafi wajen yatsa na biyu. Allah ya taimake ni bai kai ƙashi ba. Aka shiga da ni aka yanke duk mataccen nama da baƙin garin da na yi ta cusawa, da na ga wajen washegari lokacin wankin ciwo sai da na kau da kai, ya ninka da sau biyar. Kwana 19 na yi a gado, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, allurar insulin ta sauke siga safe da yamma. Mutumin gadon kusa da ni daga wani ƙauye aka kawo shi, shi ƙusa ya taka a gona ta kwana biyu a takalminsa bai sani ba. Muna hira sosai, yana ba ni labarin shanunsa. Ranar da aka dawo da shi daga tiyata bargon ya kwanta flat daga gwiwa zuwa ƙasa, ban iya cin abinci ba ranar, kuma ban san me zan ce masa ba banda sannu.

Da za a sallame ni likita ya faɗi maganar da ta fi yankan zafi. Ya ce ciwon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi, ko wane irin magani aka sa, in ka koma kan birki ka dawo nan kuma ba lallai ka fita da ƙafar ba. Aka ba ni sanduna. Na mayar wa mai keke kekensa, ya yi min kirki gaskiya ya ce in na warke in dawo. Wata huɗu ina zaune a soro. Uwargida ta fara awara da yamma a ƙofar gida, babban ɗana ya ringa zuwa kasuwar Kwari yana ɗaukar kaya bayan makaranta. Namiji ya zauna yana jin matarsa na lissafin kuɗin waken suya da na cefane, abin ba daɗi, akwai daren da na yi kuka a ɓoye. Maganar alwala ma ta dame ni, sai da na aika aka tambayo min malamin unguwa, ya ce in wanke abin da ke wankuwa in yi shafa a kan bandejin, addini bai ce ka halaka kanka ba. Azumin shekarar ban yi ba, likita ya hana, malam ma ya ce haka ne.

A cikin wannan zaman ne aka tura ni ɓangaren fata saboda farin garin nan na tafin ƙafa da har lokacin yana nan. Wata likita ce mace. Ta sa wata 'yar wuƙa ta kankaro ɓawon a kan gilashi aka kai lab aka duba a madubi, sakamako ya fito fangas ne, dangin makero da cin ruwa. Na nuna mata kwalin man da nake shafawa, ta girgiza kai. Ta ce a cikin haɗin akwai sitiroid mai ƙarfi, shi yake kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yana danne garkuwar fata ne, fangas ɗin ya samu sakewa ya bazu, fatar kuma ta yi siriri. Wato shekara huɗu taki nake zuba masa. Ta ce kuma tsagar da cin ruwa ke yi tsakanin yatsu ita ce ƙofar da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jikin mai siga, na ce a raina sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga. Aka duba hantata tukunna sannan ta rubuta min ƙwayar terbinafine ta 'yan makonni da man shafawa wanda ba haɗi a ciki. Abin da na yi shekaru ina fama da shi, kafin wata biyu tafin ƙafata ya yi sumul kamar ba tawa ba.

Ita ce ta zaunar da ni ta rarrabe min abubuwan da mu duk kanta muke ce musu ko kaushi. Ta ce kanta ta gaskiya daga gugar takalmi ko danna waje ɗaya take zuwa, in ka danna ta kai tsaye take zafi, kuma zanen fatar nan mai kama da na ɗan yatsa yana bi ta kanta ya wuce. Akwai kuma wanda ake cewa tusar jaki, shi bairos ne ke kawo shi, ana ɗauka a wajen wanka mai danshi, in an kankare sama za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe, zanen fata yana kauce masa, kuma in ka matse shi ta gefe ya fi zafi. Akwai masu gumin ƙafa da ke yini cikin takalmin roba, tafinsu ya yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da tsinke ga wari, wannan bakteriya ce, maganinta daban. Wani kuma kirci ne ko wata cutar fata da ba ta yaɗuwa, shi sitiroid ɗin ma ake ba shi amma da sanin likita. Wanda ya fi tsorata ni shi ne da ta ce baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma yana canja kama, a gaggauta nuna shi, domin mu baƙar fata in kansar fata mai tsanani za ta kama mu a nan ta fi fitowa. Filastar kanta kuwa ta ce asid ne a jiki, mai lafiya zai iya amfani da ita, amma mai siga ko wanda ƙafarsa ba ta ji haramun ne a gare shi, ita da reza, dan asid ɗin bai san inda kanta ta ƙare nama ya fara ba.

Ramin ya rufe a ƙarshen watan Yuni. Na koma aiki ba a daɗe da cire tallafin mai ba lita ta haura naira 500, ga kuɗin magani duk wata, ga tsinken gwajin siga da shi ma ba arha ba. Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba. Yanzu rabin yini nake yi, an sa min soso mai kauri a cikin kambas an rarake daidai wajen tabon dan kar ya ringa dannuwa, na kuma koyi taka birki da tsakiyar ƙafa. An sauke ni daga insulin zuwa ƙwayar siga ta metformin da wata ƙwaya. Lemon kwalba na bar shi, shayi ba siga, tuwo malmala ɗaya da miya da yawa, shi ne har yau muke rigima da uwargida a kai. Farce ita take yanke min da abin yankan farce, kantar kuma in ta taru asibiti nake kai ta su rage. Ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwadawa. Ina shafa man da ke da yuriya a diddige saboda faso, ban da tsakanin yatsu, nan busarwa ake yi da tawul bayan kowace alwala. Juma'a kuwa ko na makara da dardumata a ƙarƙashin kujera.

Bara ɗana na uku ya fara ɗingishi, ya ce kanta ce, har ya ɗauko reza a ɗakin uwarsa. Na ce kawo ƙafar. Na haska da fitilar waya na ga ɗige-ɗigen nan baƙaƙe, na matse gefe ya yi ƙara. Na kai shi wajen likitar nan, ta duba ta yi dariya ta ce Malam ka zama ɗan gari. Shi tunda lafiyarsa ƙalau maganin asid ɗin ta ba shi yana ɗigawa kullum, ta ce a yi haƙuri yana ɗaukar makonni, wajen wata uku kuwa ya ɓace.

Ɗan uwan nan na tasha da na faɗa a farko, na ja shi gefe na cire takalmi na nuna masa tabona, na ce ya je ko kemis ne a huda masa yatsa. Ya ce to insha Allah, irin to ɗin da ni ma na yi wa dattijon masallaci. Jiya ban gan shi a layi ba, na karɓi lambarsa wajen shugaban tasha zan kira shi anjima.

Jin ƙafata dai bai dawo ba, likita ya ce kar in sa rai sosai. Akwai wani tsohon madubin gefe na keke da ya fashe, shi na ajiye a ƙarƙashin gado, kullum kafin in kwanta sai in ɗora shi a ƙasa in duba tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, inda ban gani da kyau ba in kira 'yar autata ta duba min. Da safe kuma sai na zazzage takalmi na zura hannu ciki kafin in saka. Shekaranjiya da na zazzage, murfin lemo ne ya faɗo, haƙoransa a sama, yara sun yi wasa sun jefa a ciki.